Man Ɗanyar Kusbara: Yadda Ake Haɗa Shi da Dalilin da Ya Sa Ba Ya Wuce Kwana Huɗu

Kusbara ba ta daɗewa tana ba da ganye. Da zarar zafi ya fara shigowa sai ta miƙe tsaye, ganyenta ya sirance kamar na karas, ta fitar da ƙananan fararen furanni a kan rassa masu kama da buɗaɗɗiyar laima. A nan masu lambu da yawa suke fid da rai, su tuge ta su zubar, alhali abin da ya fi daraja a jikinta bai iso ba tukuna. Bayan furen ya kaɗe, 'ya'ya ne suke fitowa kore shar, girman ƙwayar dawa, masu sheƙi, cike da ruwa. Mako biyu zuwa uku kawai suke yi a haka kafin su bushe su koma ruwan ƙasa, irin waɗanda ake auna wa mutum a wurin masu kayan yaji. A wannan ɗan tsakanin, in aka tauna ƙwaya ɗaya za a ji ɗanɗano biyu a haɗe: kaifin ƙamshin ganyen, da wani ƙamshi mai sanyi irin na ɓawon lemo wanda aka san busassun 'ya'yan da shi. Ba a cika samun su a kasuwa ba domin ba sa jure tafiya, saboda haka mai shuka ne kaɗai yake cin wannan garaɓasa. Hanya mafi kyau ta kama ƙamshin ita ce a jiƙa 'ya'yan cikin mai. Sai dai abin da nake son kafawa shi ne, man da aka haɗa da ɗanyun 'ya'ya abinci ne na nan kusa, matsayinsa ɗaya da miyar da aka sauke yau. A yi shi kaɗan, a tace, a sa a firij, a cinye cikin kwana huɗu. Wanda yake son kwalbar da za ta zauna a kanta wata da watanni, sai ya fara busar da 'ya'yan. Duk matakan aikin daga abu ɗaya suka taso, wato ruwan da ke cikin ƙwayar.

Ƙamshin kusbara yana zaune ne cikin wani siririn mai da ke ɓoye a ƙananan jijiyoyin ƙwayar, wanda yawanci bai kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba. A busasshiyar ƙwaya, wajen kashi biyu cikin uku na wannan mai wani sinadari ne da ake kira linalul, shi ne mai ƙamshin fure da ɓawon lemo. A ganye kuwa wasu sinadarai ne dangin aldehayid suke da rinjaye, kuma su ne suke sa wasu mutane su ce ganyen kusbara sabulu yake yi musu a baki. Ɗanyar ƙwaya tana tsakanin biyun: na ganye bai gama tafiya ba, na 'ya'ya ya fara taruwa. Dukkansu ba sa narkewa sosai a ruwa, amma suna shiga mai su zauna, kamar yadda kowace mai girki ta san citta da kanumfari sun fi buɗewa in sun haɗu da mai a tukunya. Suna kuma da saurin tashi su bi iska in wuta ta yi yawa, musamman na ganyen. Shi ya sa ɗumi aikin yake buƙata, suya tana ɓata shi.

Sunan da muke kiran tsiron da shi daga Larabci ya zo, kuzbara, kuma ya daɗe a hannun ɗan Adam. An sami 'ya'yansa a kabarin Fir'auna Tutankhamun da aka gano a Masar a 1922, bayan sun shafe fiye da shekara 3,000 a rufe. Yau Indiya ce kan gaba wajen noma shi, a jihohi irin su Rajastan da Gujarat, sai ƙasashe kamar Maroko da Rasha. Abin lura a wannan dogon tarihi shi ne, duk kusbarar da ta yi tafiya a buhu ta zauna a rumbu busasshiya ce. Bushewa ce ta adana ta, kamar yadda ta adana mana kuka da kuɓewa da kilishi.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa abin da aka nutsar cikin mai ya tsira daga lalacewa tunda iska ba ta taɓa shi. Rabin gaskiya ke nan. Mai yana hana fumfuna da sauran ƙwayoyin da sai da iska suke rayuwa, amma akwai ƙwayar cutar da rashin iskar ne ma take nema. Sunanta Clostridium botulinum, kuma wani masani ɗan Beljiyam mai suna Emile van Ermengem ne ya gano ta, bayan gubar da ta kama mutane a garin Ellezelles a 1895 daga naman da aka ajiye. Gidanta ƙasa ne, ƙasar gona da ta lambu a ko'ina cikin duniya, inda take naɗe kanta cikin sulke mai tauri ta yi barci shekara da shekaru. A wannan hali ƙura da ruwan ban-ruwa suna ɗora ta a kan ganye da 'ya'yan tsirrai, muna kuma haɗiye ta ba tare da ta cutar da babba mai lafiya ba. Tana farkawa ne in abubuwa huɗu suka taru mata: danshi, da rashin iska, da rashin tsami, da ɗumi. In ta farka ta hayayyafa, sai ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi, wanda yake cikin mafi ƙarfin dafin da aka sani. To a duba ɗanyar kusbara a ƙasan kwalbar mai. Cikinta cike yake da ruwa, mai ya toshe mata iska, tsaminta bai kai 4.6 a ma'aunin pH ba, wanda shi ne iyakar da ƙwayar ba ta iya tsallakewa. Ɗakin girki a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa, a watan Afrilu yakan kai digiri 35 ko ya wuce, daidai zafin da ta fi son girma a cikinsa. Cikin huɗun babu ɗaya da ya yi saura.

Wannan ba lissafin takarda ba ne. A 1985, a birnin Bankuba na ƙasar Kanada, mutum 36 suka kamu da wannan guba bayan sun ci abinci a wani gidan abinci, aka bi sawu aka tarar yankakkiyar tafarnuwa ce cikin man waken soya da aka bari a waje ba a sa a firij ba. A 1989 kuma mutum uku suka kwanta a jihar Niyok ta Amurka daga tafarnuwa cikin man zaitun da suka shafa a burodi. Bayan nan ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana kamfanoni sayar da irin wannan haɗi sai an zuba masa sinadarin tsami. Na kawo misalin tafarnuwa ne da gangan, domin akwai masu cewa kusbara tana da sinadaran da ke kashe ƙwayoyin cuta, don haka za ta tsare kanta. Gaskiya ne tataccen manta yana hana wasu ƙwayoyi girma a ɗakin gwaji, amma sunan da tafarnuwa ta yi a wannan fanni ya fi na kusbara nesa ba kusa ba, kuma hakan bai hana dafin fitowa a cikinta ba.

Da wannan a zuciya sai a shiga lambu. A yanke kawunan da hantsi, bayan raɓa ta bushe, a zaɓi waɗanda 'ya'yansu suka cika suka yi tauri kaɗan amma ba su fara juya launi ba. Gwajin yana da sauƙi: in aka danna ƙwaya da farce ta fashe ta fito da danshi da ƙamshi, ta yi. Wadda take da laushi kamar ba komai a cikinta ba ta nuna ba, warin ganye ne zai yi mata yawa. A tabbata daga shukar da aka sani aka cire, domin dangin kusbara da karas suna da 'yan uwa na daji masu irin wannan fure na laima waɗanda guba ne, a kuma guji shukar da aka yi wa feshi kwanan nan. A murje 'ya'yan daga sandunan da yatsu, a tsince masu baƙin tabo da busassun furanni, a wanke a roba sau biyu ko uku har ruwan ya fita fes. Sannan a tsane a rariya, a baza a kan tsaftataccen ƙyalle bisa tire, a inuwa inda iska ke kaɗawa, awa ɗaya ko biyu, har sai an damƙa an ji ba su jiƙa tafin hannu ba. Wankin yana rage ƙasa da ƙura, abin da yake iyawa ke nan. Bai kashe ƙwaya mai sulke ba, shanyar kuma ruwan waje kawai ta ɗauke, na ciki yana nan.

Zaɓen mai ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ƙamshin ɗanyar kusbara mai kunya ne, mai mai ƙarfin wari yana danne shi. Manja ba ya shiga wannan aiki ko kaɗan. Man ƙuli na gida, wanda aka matse daga soyayyiyar gyaɗa, yana da daɗi amma ƙamshinsa ya cika baki, in aka haɗa su gyaɗar ce za a riƙa ji. Tataccen man gyaɗa ko na waken soya ko na furen rana sun fi ba kusbarar fili. Man zaitun mai sauƙin ɗanɗano yana tafiya da ita sosai, sai dai yakan daskare ya yi fari a firij, kuma wannan ba lalacewa ba ce, yana narkewa in ya ɗan sha iska. Man riɗi wanda ba a soya riɗinsa ba shi ma yana yi. Ko wanne aka zaɓa, ya zama sabo, ba wanda aka taɓa suya da shi ba, a kuma ɗanɗana shi tukuna: in yana da gafi ko maƙaƙi, babu kayan ƙamshin da zai gyara shi.

Ma'aunin da nake ganin ya dace da gida ɗaya shi ne kofi ɗaya na mai, wato kimanin mililita 250, da babban cokali huɗu na ɗanyun 'ya'ya. A zuba 'ya'yan a ƙaramin turmin yaji wanda aka wanke ya bushe, a ɗan farfasa su da taɓarya. Abin da ake kira ƙwayar kusbara a haƙiƙa ɗan itace ne mai ɓari biyu manne da juna, kuma abin da ake so shi ne ya tsage ƙamshin ya sami ƙofa. In aka daka shi ya zama ƙullu, ruwansa zai fito ya gauraya da mai, man ya yi duhu ya ƙi tacewa, kuma wannan ruwan shi ne abin da ake gudu tun farko. A juye cikin ƙaramin kwano na ƙarfe, a zuba man ya rufe su, sannan a ɗora kwanon cikin tukunyar da ke da ruwa zuwa rabin tsayinsa, a kunna wuta kaɗan-kaɗan. Amfanin wannan dabara ta kwano cikin tukunya shi ne, muddin akwai ruwa zafin ba zai wuce digiri 100 ba, ko a kan gawayi ne da ba a iya juya masa maɓalli. Ruwan ya riƙa motsi a hankali, kada ya yi tafasar da zai fantsama cikin man, kuma kada a rufe tukunyar, domin tururin da ya taru a murfi cikin kwanon zai ɗiga. Minti 20 ya isa, ana juyawa da busasshen cokali lokaci-lokaci. Za a ga ƙananan kumfa suna tashi daga jikin 'ya'yan, man ya ɗauki launin kore mai haske. In aka ji ƙarar suya ko 'ya'yan suka fara yin ja, wuta ta yi yawa. A sauke, a goge ƙasan kwanon, a rufe da faranti a bar shi ya huce kamar awa ɗaya. A wannan hucewar ce yawancin ƙamshin yake gama shiga.

Tacewa ba ado ba ce, rabin aikin ce. A fara da rariya mai ƙananan ido, a sake tacewa da farin ƙyalle mai tsabta, a bar man ya ɗiga da kansa. Zuciya za ta so a matse ƙyallen don kada a yi asara, amma matsewar ruwan 'ya'yan take turawa cikin man. Bayan an tace a bar shi ya tsaya minti kaɗan cikin kofin gilas, a duba ƙasa. In an ga ɗigon ruwa ko laka-laka ya kwanta, a tsiyaye na saman a hankali a bar na ƙasan. Kwalbar da za a zuba ta zama ta gilas, an tafasa ta da murfinta minti 10, an kife ta ta bushe ƙarau. A rubuta ranar da aka yi a jikinta, a sa a firij nan take. Ragowar 'ya'yan da ke cikin rariya ba abin zubarwa ba ne, a zuba su a miyar wannan ranar. Abin da ba a yi shi ne mayar da wasu cikin kwalba don kyan gani, ko saka reshen ɗanyen ganye a ciki kamar yadda ake gani a hotuna.

Hujja mafi ƙarfi da za a kawo a kan wannan tsanani ita ce ta al'ada, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Iyayenmu suna soya man shanu da albasa su ajiye shi watanni babu firij. Habashawa suna da nasu man shanun mai kayan ƙamshi da suke kira nitir kibe, mutanen Gana suna da shito da ke zama cikin kwalba, kuma babu wanda ya ce waɗannan guba ne. Haka ne. Amma a duba yadda ake yin su. Mai soya man shanu ba ta sauke shi sai kumfa ta kwanta, ƙarar tafasa ta yi shiru, albasar ta yi ja ta bushe, sannan ta tace. Wannan shirun alama ce ta cewa ruwa ya ƙone duka, kuma duk wadda ta ƙware ta san man da aka sauke da saura ruwa ba ya daɗewa. Shito ma ana soya shi ne tsawon lokaci da busasshen kifi da barkono har ruwan ya tafi mai ya taso sama. Indiyawa, waɗanda suka fi kowa cin kusbara, suna jefa kayan ƙamshi cikin mai mai zafi su juye a kan abinci a take. Al'adar ba ta saɓa wa abin da nake faɗa ba, goyon bayansa take yi: ko dai a kore ruwan, ko a ci nan da nan. Za a iya soya ɗanyar kusbara har ta yi shiru kamar albasar man shanu, amma kafin nan ƙamshin koren da aka yi wahala dominsa ya bi iska, an koma abin da busasshiyar ƙwaya za ta bayar cikin sauƙi.

Wani zai ce ai an ɗumama man, zafin ya kashe komai. A nan ana haɗa abubuwa biyu ne da ya kamata a raba. Dafin kansa ba ya jure wuta, digiri 85 na minti biyar yana lalata shi. Ƙwayar da ke cikin sulke kuwa tana tsallake tafasar ruwa ta awoyi, shi ya sa masana'antun abincin gwangwani suke kai zafi digiri 121 cikin tukunyar matsi kafin su amince ta mutu. Kwano cikin tukunya ba ya kusantar wannan. Sai a ce to tunda wuta na lalata dafin, a riƙa dafa man kafin a ci. Amma wannan mai an yi shi ne don a yaryaɗa a kan abincin da ya riga ya sauka, kuma yaron da ya ɗauki kwalbar ya zuba a garau-garau ba zai tsaya dafawa ba. Hanci ma ba abin dogaro ba ne. Man da ya tsufa yana sanar da kansa da gafi, wanda dafi ya shiga kuwa yana iya zama da kyan gani da daɗin ƙamshi, balle ma ƙamshin kusbara yana rufe ɗan canjin da zai iya fitowa. Ɗanɗanawa don gwaji kuskure ne babba, domin ɗan abin da ya taɓa harshe yana iya isa.

Akwai kuma shawarar a zuba gishiri ko a matsa lemon tsami cikin kwalbar. Tunanin yana kan hanya, tunda gishiri da tsami suna hana ƙwayar farkawa, amma ba ta wannan hanyar ba. Gishiri ba ya narkewa a mai, ƙasa yake kwanciya. Ruwan lemo shi ma ba ya haɗuwa da mai, sai ma ya ƙara ruwa a kwalbar ba tare da ya ratsa cikin ƙwayar ba. Tsamin dole ya shiga naman 'ya'yan kafin su ga mai. Masu bincike a Jami'ar Idaho ta Amurka sun fitar da hanyar yin haka a gida, inda ake jiƙa kayan cikin ruwa mai kashi 3 cikin 100 na sinadarin sitirik tsawon awa 24, amma abubuwa huɗu suka gwada suka amince da su, tafarnuwa da wasu ganyayen ƙamshi uku, kuma 'ya'yan kusbara ba sa ciki. Ƙwaya mai ɓawo ba ta shan ruwa kamar siririn ganye, don haka aron wannan ma'auni a kanta caca ce. Wanda yake son ɗanyar kusbara ta daɗe da tsami, ya jiƙa ta kai tsaye cikin ruwan kal da gishiri ya sa a firij, ya bar mai gefe.

Sai maganar firij, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Ƙa'idar kwana huɗu an gina ta ne a kan firij mai riƙe sanyin digiri 4 dare da rana, kuma akwai nau'in wannan ƙwaya da ke iya girma a hankali ko a sanyin da ya kai digiri 3, shi ya sa ko a firij mai kyau ba a ba man dogon wa'adi. A gidan da ake ɗauke wuta awa goma, kwana huɗun ma sun yi yawa. In kwalbar ta kwana cikin firij da ya huce, a zubar. Mafita a irin wannan gida ita ce a rage yawan, a yi rabin kofi ko rubu'i, daidai abin da iyali za su cinye a wuni ɗaya. Mai firiza da ba ta mutuwa yana iya zuba man a farantin ƙanƙara mai gida-gida, ya riƙa ciro ɗaya in buƙata ta taso, kuma a daskare yana yin watanni. Abin da ma ya fi wannan shi ne a daskarar da ɗanyun 'ya'yan su kansu cikin leda, a riƙa haɗa sabon mai duk ranar da aka so. Dabarar nan kuwa ta ajiye kwalba a rana mako biyu don ƙamshi ya fito, ita ce mafi hatsari ga ɗanyen abu, kuma hasken rana yana saurin tsufar da mai ko da busasshen abu aka yi.

Ga wanda ba shi da firij, ko yake son man ajiya, hanyar busassun 'ya'ya a buɗe take, kuma yanayinmu ya ba mu ita kyauta. Kusbara tana son sanyi, shi ya sa ta fi kyau a noman rani lokacin hunturu, kuma tana kai wa girbi cikin wata uku zuwa huɗu, lokacin da iska ta bushe ƙarau. A bar kawunan a jikin shuka har yawancinsu su juya ruwan ƙasa, a yanke, a ɗaure, a rataye a inuwa da tire ko faifai a ƙasa don tarar masu zubowa, mako ɗaya ko biyu. Ƙwayar da ta bushe tana fashewa ƙaras a haƙori. In daga kasuwa za a saya, a sayi ta girki. Irin shuka da ake sayarwa a leda ko gwangwani sau da yawa an shafe shi da magani, akan gan shi da launin ja ko shuɗi, kuma ba na ci ba ne. A ɗan gasa babban cokali uku a busasshen kasko minti biyu zuwa uku har ƙamshi ya tashi, a farfasa, a zuba kofi ɗaya na mai, a bi hanyar kwano cikin tukunya kamar da, a tace. Wannan yana iya zama wata uku a wuri mai sanyi da duhu, da sharaɗin cokali mai jiƙa bai taɓa shiga kwalbar ba, kuma ba a haɗa shi da ɗanyar tafarnuwa ko ɗanyen attaruhu ko ɓawon lemo mai danshi ba. Ɗanyen abu guda ɗaya yana mayar da kwalbar duka ƙarƙashin dokar kwana huɗu. Ƙamshin man busassun 'ya'ya ya fi zurfi da ɗumi, ya rasa kaifin koren, kuma ina ganin ya fi dacewa da nama da miya, na ɗanyen kuma da kifi da kwaɗo.

Na yarda cutar da wannan dafi ke jawowa ba ta da yawa, kuma kwalabe da dama an yi su ba bisa ƙa'ida ba an kuma ci lafiya. Amma a auna abin da ke kowane ɓangare. A gefe ɗaya kofin mai ne da ɗan aikin hantsi. A ɗaya gefen cuta ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kashe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda ta kama, wadda maganinta allurar karya dafi ce da ba kowane asibiti ke da ita ba, wani lokaci da injin numfashi na makonni. Alamominta sukan bayyana awa 12 zuwa 36 bayan cin abincin: gani biyu-biyu, fatar ido ta yi nauyi, harshe ya karye, haɗiya ta gagara, rauni ya fara daga kai ya gangaro, galibi ba tare da zazzaɓi ba. Duk wanda ya ga haka ya nufi babban asibiti a take, ya tafi da kwalbar, ya faɗi abin da aka ci da waɗanda suka ci tare. Saboda wannan ne nake ganin man ɗanyar kusbara bai dace da sana'ar sayarwa ko kyautar da za ta yi tafiya a mota ba, domin wanda ya karɓa bai san ranar da aka yi shi ba, bai kuma san awa nawa ya yi a zafi ba. Mai son sana'a ta tsaya kan na busassun 'ya'ya. A kuma bambanta wannan man girki da tataccen man kusbara da ake sayarwa cikin 'yan ƙananan kwalabe, wanda da tururi ake fitar da shi, ƙarfinsa ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba a zuba shi a abinci da cokali.

Kwana huɗu ba su yi kaɗan ba ga kofi ɗaya in an san inda za a kai shi. A yaryaɗa a kan gasasshen kifi yana saukowa daga wuta, tare da matsin lemon tsami a faranti. A maye gurbin rabin man ɗanwake ko na shinkafa da wake da shi, a rage yaji kaɗan don ya sami wurin fitowa. Kwaɗon zogale da na rama suna karɓarsa, haka dafaffiyar doya da dankali da awara, gurasa kuma in aka shafa mata shi da ɗan gishiri ba ta neman ƙari. A riƙa ɗiban abin da za a ci a ƙaramin kwano a mayar da kwalbar firij nan take, kada ta zauna a kan tabarma har a gama cin abinci. Abin da ya rage a rana ta huɗu, a juye shi cikin miya tana kan wuta, a bar ta ta tafasa sosai, a wanke kwalbar a kife.